Ranar da Muka Kai Rago Neman Sabis

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana idar da sallah muka kulle ƙofa, ko shayi ban tsaya sha ba. Mu uku ne a motar. Akwai ni, akwai abokina mutumin Maraɗi mai motar ɗaukar kaya, sai wani dattijo da muke ce wa Malam, wanda kusan duk ragon da Bahaushe ya ci a garin Greensboro na Amurka da wuƙarsa aka yanka shi. Wata gona muka nufa can kudu da gari, sayen ragon sunan 'yata ta fari, wadda ta cika kwana bakwai a ranar.

Bari in faɗi abin da ya sa hankalina bai kwanta ba tun kafin mu fita. A gidanmu na Malumfashi uban jariri ba ya zaɓar suna. Baba ne ke zaɓa, kuma ba ya gaya wa kowa sai ya ga ragon da idonsa, ya duba haƙora da kunnuwa, ya ga tafiyarsa, sannan ya faɗi suna a yanka. Haka aka yi wa 'ya'yan yayyena duka. Da na ce masa ai Amurka da nisa, sai ya ce waya mai hoto fa, ba don irin wannan aka yi ta ba? Muka shirya ƙanena zai riƙe masa waya a zaure da azahar ɗinsu, wadda ta yi daidai da hantsinmu. Ma'aikatan asibiti sun gaji da tambayata sunan yarinya, ni kuwa na gaji da ce musu ban sani ba tukuna.

Akwai kuma abin da ban cika son tunawa ba. Lokacin da Inna mahaifiyata ta rasu ina nan ƙasar, babu halin tafiya. Ƙanen nan nawa ne ya kira ni ta bidiyo in ga sallar jana'iza, ana tsaka da ita kiran ya yanke, kafin ya dawo an ɗauke ta. Tun ranar nake jin haushin duk wayar da ta tsaya tana juya ɗan zoben nan na jiran sabis. Don haka na ƙudura a raina wannan karon sai Baba ya ga rago, sai na ji sunan daga bakinsa, ko me za a yi.

Babbar hanyar Gate City Boulevard da asuba kamar ba ita ba. Shagunan kayan miya na 'yan Afirka duk a rufe, filayen sayar da motoci shiru, sai tutocinsu na roba suna kaɗawa. Lokacin furen itatuwa ne, wani gari rawaya ya lulluɓe kowace mota, Malam ya yi ta atishawa yana cewa wannan ƙasa ko itatuwanta ba sa barin mutum ya sarara. Muka hau babbar hanyar kudu, muka wuce ta gefen garin Pleasant Garden. Gidaje ne ɗaiɗai, kowanne da fili a gabansa wanda zai ciyar da iyali da masara shekara guda, amma ciyawa suka shuka, kuma biyan kuɗi suke a aske ta. Ban ga mutum ko ɗaya yana tafiya da ƙafa ba.

A wani gidan mai muka tsaya karin kumallo. Abin da suke kira biskit a nan ba biskit ɗinmu ba ne, wani ɗan burodi ne mai maiƙo da ake tsagawa a sa ƙwai. Malam bai yarda ya ci ba sai da yarinyar kantin ta tabbatar masa ba a soya ƙwan kusa da naman alade ba, sannan duk da haka ya koma mota ya ci ƙosan da matar abokina ta ƙulla mana. Kuɗin biskit ɗin nan ɗaya, da a ce a gida ne, da mu ukun mun karya har da guzuri.

A nan ne na ciro waya don duba taswira, na ga ta tsaya tana tunani. Na shiga saƙonni, sai ga wanda kamfanin layina ya turo tun shekaranjiya ban buɗe ba. Wai na cinye rabona na data mai gudu, sun rage mini gudun har ƙarshen wata. Layin nan fa sunansa unlimited, wato mara iyaka, ashe iyakar tana nan a ɓoye. Ba su yanke maka data ba, shaƙe ta suke yi, ta riƙa ɗigowa kamar famfon da ruwa ya kusa ɗaukewa. Ban sha wahalar gano inda ta tafi ba. Intanet ɗin gidanmu ba ya kai banɗaki, surukata kuwa daga Katsina take kula da wankan jego safe da yamma ta wayata, tana faɗa idan tururin bai kai yadda take so ba. Na yi ƙoƙarin sayen ƙari, shafin ya ƙi buɗewa. Sai kana da data za ka iya sayen data.

"Kwantar da hankalinka," in ji abokina, da Hausarsa ta Nijar, inda ake ce wa sabis rezo. "Ni kamfanina daban ne. Rezo na nan cike a wayata."

Gonar tana cikin wani kwari bayan garin Liberty, sai an sauka daga kwalta an bi tsakuwa. Mai gonar wani tsohon Bature ne mai hular hana sallah, ya saba da Musulmi har ya kafa sanda mai fenti yana nuna alƙibla a wurin yanka. Ya yi mana sallama da irin nasa Larabcin, muka amsa. Tumakinsa sun ƙoshi, sai dai yawancinsu an datse musu wutsiya tun suna ƙanana, Malam ya ce ko kyauta ba zai yanka su ba. Da ƙyar muka samu wani jan rago mai ƙaho, wutsiyarsa cikakkiya, ga faɗin rai kamar ya san shi kaɗai ya rage.

Na ce wa abokina ya miƙo wayarsa. Ya duba, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas da yamma. Rezon da ke cike ya ɓace tun a bakin kwalta. Tawa kuwa tana nuna 5G da sanda ɗaya, wadda ba ta iya ɗaukar ko sallama.

Sai na yi abin da duk wanda ya girma a Najeriya zai yi. A Kano na sayi wayata, irin wadda ke ba ka zaɓi a cikin setin. A gida idan sabon layi ya yi rauni, ka mayar da waya 3G, ta kama ram. Na danna 3G ina murmushin wanda ya san dabara. Sanda ɗayar ma ta ɓace. Na sauka 2G, babu ko alama. Mai gonar ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya yi dariya, ya ce ai an rufe tsohon layin nan a wajensu da daɗewa, shi ma abin da ya raba shi da tsohuwar wayarsa ke nan. Na ji kunya kaɗan, na mayar da ita 4G. Sanda uku suka fito, raina ya yi sanyi, amma shaƙewar kamfani tana nan inda take. Canza layi ba ya cire ta. Na kira, fuskar ƙanena ta fito rabi ta daskare, muryarsa tana zuwa gutsi-gutsi.

Rubutu dai yana shiga. Ya rubuto cewa babu wuta tun jiya, cajinsa ya kusa ƙarewa, Baba kuma yana zaune da mutane a zaure tun da aka sauko daga azahar. Na ɗauki hoton ragon na tura. Ya daɗe yana hawa, har ragon ya gama cin abin da ke gabansa. Amsa ta dawo a taƙaice: Baba ya ce hoto ba ya tafiya.

Malam ya ja ni gefe. "Ka ga, a shari'a babu laifi a yanka da niyya, suna ya biyo baya. Mata na can suna jiran nama."

"Na sani, Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Amma wuƙa ba za ta taɓa ragon nan ba sai Baba ya gan shi."

Na tambayi mai gonar inda sabis yake da ƙarfi. Ya nuna wani tudu, ya ce akwai coci a kai, can yake zuwa idan zai kira jikokinsa. Na ce to a ɗora rago a mota. Ya dube ni ya tabbatar ba wasa nake ba, ya ce tun da yake sayar da tumaki bai taɓa ganin wanda aka ɗauka zuwa amsa waya ba. Sharaɗinsa ɗaya, a dawo da shi gonar a yanka. Muka kama ragon mu uku, yana turjewa, muka cusa shi bayan mota, Malam ya zauna kusa da shi riƙe da igiya.

Cocin ƙarama ce, fara, da filin ajiye motoci babu kowa. Wayar abokina ta farfaɗo, 5G ta fito. Na kira. Sai ga Baba, da farar hularsa, ya matso da fuska har hancinsa ya cika allon. Kafin in gama gaisuwa kiran ya yanke. Na sake, ya sake yankewa. Ranar jana'izar Inna ta faɗo mini a rai, na ce wa kaina ba yau ba. Na zuba wa saman allon ido a kira na gaba, sai na lura alamar tana tsalle, 5G, 4G, ta koma 5G. Wayar ce ke kwaɗayin sabon layi, duk da raunin da yake da shi a wurin, kuma duk tsallen da ta yi sai ta saki kiran. Setin wayar da Faransanci yake, abokina na karantawa ina nuna masa, har muka kai inda ake zaɓa, muka ɗaure ta a 4G kaɗai. Na kira. Hoton bai kai na ɗazu kyau ba, amma ya tsaya.

Haka na ja rago ina zagaya filin coci da shi, abokina na biye da mu da waya, Baba na ba da umarni daga Malumfashi. A juya shi. A ɗaga ƙafar baya. A buɗe baki. Garin buɗe bakin ya taka ni a ɗan yatsa, na haɗiye zafin. Wata tsohuwa ta iso da furanni a hannu, ta tsaya tana kallonmu. Abokina ya yi mata bayani, ta leƙa allon ta ɗaga wa Baba hannu, shi ma ya ɗaga mata, sannan ya tambayi ƙanena ko ita ce mai ragon.

"Rago ya yi," in ji Baba.

Sai ya yi shiru. Na ɗauka hoton ne ya daskare, har na kai hannu, sai na ga carbinsa yana motsi. Ya sunkuyar da kai, ya ɗago.

"A sa mata sunan uwarku."

Ya fara addu'a, mutanen zaure na amsawa. Muna cikin amin wayar ƙanena ta mutu. Wannan karon ban ji haushi ba ko kaɗan, na riga na ji abin da na zo ji.

Da muka koma gona aka kwantar da ragon yana fuskantar sandar alƙibla, Malam ya wasa wuƙa, ya ɗago ya dube ni. Ya ji abin da Baba ya ce, amma bai san Inna ba. "Wane suna?" ya tambaya. Sai a lokacin na gane abin da ya faɗo kaina. Baba ya zauna da ita tun ƙuruciyarsu bai taɓa kiran sunanta ba, ko yau ɗin ma kewaye shi ya yi. Mu 'ya'yanta kuwa ko mai irin sunan muka gamu da ita sai mu sakaya. Babu wanda zai faɗa a madadina a kwarin nan. Na buɗe baki na faɗi sunan mahaifiyata a karon farko a rayuwata, Malam ya yi bismillah ya yanka. Na juya baya na daɗe ina kallon itatuwa.

Muka kama hanyar gida. Nama na cikin kuloli da ƙanƙara, motar na warin rago, abokina na lissafin sau nawa zai wanke ta. Mun iske Gate City Boulevard ta cika da motoci, muka tsaya a wani shagon 'yan Ghana muka ƙara attarugu da albasa. A gida mata sun cika falo, yara na guje-guje a kan matakala suna tambayata sunan jaririya da Turanci.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Idan kamfani ya ce maka mara iyaka, nemi inda ya ɓoye iyakar kafin ranar buƙata. Dabarar 3G ta gida ka bar ta a gida. Idan ka ga waya na tsalle tsakanin sabon layi da tsoho, ɗaure ta a wanda ya tsaya, ko da ba shi ne mai sheƙi ba. Sannan kada wanda ya ce maka abin da dattijo ke so a gida ya yi nisa da yawa, wani lokacin tudu ɗaya ne tsakaninku.

Na shiga ɗaki, mai jego ta ɗago tana jiran in faɗa. Ban iya maimaita sunan ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Na karɓi yarinyar daga hannunta, na ce, "Sannu da zuwa, Inna." Matata ta gane, ta rufe fuska da mayafi.