Gwaggo Lantana Ba Umara Ta Je Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ana tsakiyar cin kasuwar Mafara, Allah ya karɓi ran Gwaggona Lantana, yayar mahaifina, tana da shekara sittin da bakwai. Jinyar kwana huɗu ta yi. Ni Bushira ina makarantar da nake koyarwa a Bakura aka kira ni, kafin in iso har an kai ta makwancinta.

Gwaggo, na so in rubuta miki kalamai masu sanyi irin waɗanda ake yi wa mamaci. Na kasa, domin raina a ɓace yake, kuma ke ce kika hana ni ɓoye fushi a bayan murmushi.

A gidan mahauta aka haife ki, mahauci kika aura, marigayi Gajere. Shekara arba'in kina kallon naman da ya yi kwantai yana lalacewa saboda zafi da rashin wutar lantarki, abin yana cin ranki. Da kika ga a waya cewa matan birnin Fas na ƙasar Maroko suna da wata dahuwa da nama ke yin watanni bai ɓaci ba, kuma akwai inda ake koyar da ita, sai kika sayar da saniyarki, kika yi fasfo, kika ce za ki. Shekararki sittin da uku a lokacin, ba ki da wani yare sai Hausa da Larabcin Islamiyya.

Gari ya ɗauka. Wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Wai wane irin kwaɗayi ne zai sa mace ta hau jirgi ita kaɗai don tukunya. Ƙanenki Baffa Mu'awiya, wanda ke riƙe da gidanmu, da ya ga ba za ki lanƙwasu ba, sai ya tara mu ya ce duk wanda ya tambaya a ce Umara kika tafi. Muka amsa da to. Ni ma na amsa. Kin roƙe ni in raka ki filin jirgi a Sakkwato, na ce ina da jarrabawar yara, alhali kunya nake ji a gan ni. Wannan ƙaryar tana nan a wuyana har yau.

Mako shida kika yi. Ranar da kika dawo mata suka cika tsakar gida, kowa ya miƙo hannu yana jiran dabino da zamzam. Kika fito da kwalba cike da nama a cikin kitse, kika dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ban tahi Makka ba," kika ce. "Girki nit tahi koyo. Wadda ka so ta ɗanɗana, ga shi."

Wasu suka tashi suna karkaɗe zane kamar an watsa musu ruwan wanki. Baffa ya yi wata uku bai gaishe ki ba, kuma ya yi rantsuwa naman yawon duniya ba zai shiga bakinsa ba. Ke kuwa kika buga ƙusa a bangon ɗakinki, kika rataye takardar shaidar da aka ba ki, mai hotonki da farar hular masu girki a kan ɗankwali.

Matan gari sun ƙi ki, sai matan ƙauye suka zo. Kaltumi ta Janbako ce ta fara zuwa, ta janyo matan Tsibiri. Kika koya musu yanyana nama, da shafa masa gishiri da tafarnuwa, da shanya shi kwana uku, da dafa shi a kitse har ruwan ya ƙone ƙaf, sannan a ɗura a tulu kitsen ya rufe shi. Ba ki da haƙuri wurin koyarwa, wannan ba zan ɓoye ba. Wadda ta bar ɗigon ruwa a tulu sai ta sha faɗa har ta yi ƙwalla, ki kuma cika mata kwano ta tafi da shi. A daminar da hanyar Maradun ta ƙi biyuwa, mutanen ƙauye suka yi makonni ba kasuwa, naman layyar da ke cikin tulunan nan ne ya riƙe yaransu. Kaltumi ta faɗa mini haka da bakinta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da na shiga ɗakinki ranar rasuwa, ƙusar nan tana bango ita kaɗai. An cire takardar tun kafin a yi miki wanka, don kada masu gaisuwa su gani. A ƙofar gida kuma na ji Baffa yana amsa ta'aziyya yana cewa, "Allah shi karɓi Umarar da tay yi." Kina kwance a kabari, ba ki da bakin musu, suka sake ɗora miki ƙaryar da kika sauke da ranki.

Ba a ɗora tukunya a gidan makoki, maƙwabta ke kawo abinci. Ranar sadakar uku sai ga mata goma sha ɗaya daga Janbako da Tsibiri, kowace da tulu a ka. Aka zuba naman a kan shinkafa aka fitar wa maza. Baffa ya cinye, ya suɗe hannu, ya leƙo zaure yana tambaya.

"Wa yad dahwa wanga nama? Ban taɓa cin irinai ba."

Kaltumi ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce, "Alhaji, na Inna Lantana na. Shi tat tahi koyo."

Baffa ya juya. Ya koma kan tabarmarsa, bai sake ambaton Umara ba har aka watse. Kaffarar rantsuwarsa kuma tsakaninsa da Ubangijinsa.

Na sami takardar a ƙarƙashin katifa, an naɗe ta biyu. Na miƙar da ita, na mayar kan ƙusarta, na bar ƙofar ɗakin a buɗe. Duk wanda ya ƙara tambayata zan ce masa Fas kika je, ke kaɗai, girki kika koyo, kuma ni na ƙi raka ki. Ki yafe mini, Gwaggo.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Lantana, ka yalwata kabarinta, ka sa kowace loma da yaran ƙauye suka ci ta zama nauyi a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta da jikokinta, da matan da ta koyar, da Baffa Mu'awiya, wanda ya yi rashin yaya tun kafin ya san wadda yake da ita. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.