Lemun Ƙofar Gidan Badaru

Duk wanda ya shiga gidan Rahamatu a Danchadi zai ɗauka tana da rijiya a ɓoye, saboda yadda tsakar gidan yake kore har cikin rani. Ba ta da rijiya. Ruwanta na ɗan garuwa ne, irin na kowa a unguwar.

Dabarar tata tun tana amarya ta samo ta. Ta lura kowane mutum yana da wurin da ya saba tsugunawa ya yi alwala, ba ya sakewa, kuma ƙasar wurin ba ta bushewa. Sai ta riƙa bin wuraren nan tana dasa abu. Inda take tata alwalar ta sa lalle. Inda 'yarta Zulaihatu take yi ta sa zogale. Bakin wurin wanke-wanke kuwa rama ce da ɗoɗɗoya. Ba ta taɓa sayen dashe ba. Reshe take roƙa a maƙwabta, taki kuma na awakinta ne. Da aka kai Zulaihatu ɗakin miji a Shagari, zogalen ya riga ya yi saiwar da zai nemi ruwa da kansa.

Mijinta Malam Badaru tela ne a kasuwar Bodinga, kuma shi a ƙofar gida yake alwala kafin ya wuce masallaci. Shekara da shekaru yana hana ta dasa komai a wurin, wai awaki za su cinye ta zo tana yi masa ƙorafi. Sai da furfura ta cika masa gemu ya yarda. Ta ba shi ɗan lemun tsami, ya dasa da hannunsa, ya kewaye shi da ƙaya.

"Ga kishiyar butata nan," in ji shi. "Komi na zuba sai ta shanye."

Lemun bai kai ƙugun mutum ba Allah ya yi wa Malam Badaru rasuwa, ana shiga rani. Rahamatu ta shiga takaba, ba fita. Daga cikin zaure take hango ganyen yana naɗewa, yana komawa ruwan ƙasa. Wanda yake ba shi ruwa ya tafi, ita kuma ba ta son ta riƙa aiken mutane kullum a kan icce, a ce baƙin ciki ya taɓa ta.

Ɗanta Kamal, da ke aiki a Sakkwato, ya zo ranar Juma'a ya same ta tana leƙe.

"Inna, ki bar wanga icce. In damina ta faɗi sai in kawo miki wani, wanda ya fi shi girma."

"Wani dai," in ji ta. "Shi wancan, wa zai dasa shi?"

Kamal ya ce to zai sa a ja tiyo daga cikin gida.

"Tiyo daga wace rijiya, ɗan birni? Tashi ka ɗauko mini tsohuwar randar nan ta bayan ɗaki."

Ta sa ya kafa randar a gindin lemun, ya ajiye butar mahaifinsa da wasu biyu, ya jawo dutsen da marigayin yake tsugunawa a kai ya matso da shi. Ta ce wa ɗan garuwa ya riƙa juye jarka ɗaya a can, ladan ya kai ga mai gidan.

Ƙofar gidan kuwa a kan hanyar masallaci take. Da azahar ta ji ƙarar murfin randa, sannan muryar Isa mai albasa, abokin marigayin, yana cewa da wani, "Matsa can kaɗan, kana zuba ruwan a banza. Gindin nan Badaru yake zubawa."

Ranar da ta fita takaba, ƙofar gida ta fara zuwa. Reshe ɗaya ya bushe har ƙasa, sauran sun fitar da sabon ganye mai sheƙi. Ta karye busasshen, ta gyara ƙayar da iska ta ture. A ɗaya gefen randar, inda masu jiran buta suke tsugunawa, ƙasa ta yi laushi, babu komai a kai. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta koma ciki ta yanko reshen lalle.