Maganar da aka aje sai rakiya

Shekarar da babban injin ban-ruwa na fadamar Madekali ya mutu, ni aka kira in yi tafinta. Na daɗe ina jan babbar mota tsakanin Kwatano, Agadas, Akara da Abijan, na kuma zauna Jidda, don haka kunnena ya tsinto Faransanci da Ingilishi da ɗan Larabci, ban da Dandanci da Zabarmancin da muka tashi da su. Duk sanda baƙi suka sauka Malanbil, ofishin magajin gari kan aiko da kabu-kabu a ɗauke ni.

Baƙin ayari biyu ne, na manyan ƙasashe biyu, ɗaya daga Turai, ɗaya daga can gabas mai nisa. Kowace tana son ta ba ƙasarmu rance don gyaran bakin kogi, kowace kuma ba ta son ɗayar ta riga ta. An ce sun taho su ji ta bakin talakawa.

Shugaban manoman shinkafa taubashina ne. Rani ne, kogi ya ja baya, irin da suka yafa ya tsiro, saura kwana goma a dasa, ga injin ko tari ba ya yi. In ba a gyara shi ba, shinkafar rani ta gidaje da yawa ta tafi.

Tun a hanya na ja masa kunne. Na ce, "Na san irin mutanen nan. Lokacinsu a takarda yake. Da an ba ka magana, ka ce inji. Kada ka tambayi gajiya, kada ka tambayi iyali."

Ya yi dariya. "Alhaji, yawo ya cinye maka tarbiyya. Baƙo ya taho tun daga Kwatano, bai ko sha ruwa ba, in tare shi da roƙo? Mi za su ce da mutanen Madekali? Sai wurin rakiya."

A wurinmu haka ake yi, ban musa ba. Baƙo ya sauka, ya ci, ya huta, a yi ta hira kamar ba komai. Sai an fito raka shi, an yi nisa da jama'a, sannan mai gida ya sassauta murya ya ce, "Af, da ma akwai wata 'yar magana." Nan ake neman aure, nan ake neman aron gona. Amma rakiya tana son hanya, tana kuma son baƙon da ke tafiya da ƙafa.

An kafa rumfa bakin kogi. Kusan rabin safiya ya ƙare kan kujeru, domin ba wanda ya yarda ya zauna hagun jami'in da gwamnatinmu ta aiko. Aka ja kujera nan, aka mai da ta can, manoma suna tsaye cikin rana. Da aka zo kan taubashina, ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya gai da su da hanya, da gajiya, da zafin garinmu. Ya tambayi lafiyar iyalansu, da ta shugabanninsu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina ta fassarawa. Na so in cusa maganar inji da kaina, sai ya harare ni, don yana tsintar Faransanci. Bai gama godiya ba aka ce lokacinsa ya cika.

Aka kawo shinkafa da kifi. Nan manyan ayarin biyu suka matso da kujerunsu kusa da juna, mutanen da ɗazu ko kallon juna ba su yi, suka koma Ingilishi, a zatonsu ni tsohon da ke bayansu ba na ji. Na Turai ya ce su za su riƙe gada da hanya. Na gabas ya ce to a bar musu tashar jiragen ruwa da kasuwa. Kuɗin da duwan, wato kwastan, ke tarawa kuwa, kowa zai sa mutuminsa a ofis yana duba shi har a gama biyan rancen. Jami'inmu yana zaune gefe yana zare ƙayar kifi. Na sha ganin dillalai biyu a kasuwar shanu ta Gene suna ƙulla ciniki da hannu ƙarƙashin riga, amma ko su sukan juya su tambayi mai sa ko ya sallama.

Ba wanda ya ambaci fadama. Na raɗa wa taubashina da Dandanci, "Tashi yanzu. Suna rabon kogin, ba ku ciki."

"Suna cin abinci," in ji shi. "Kai dai ba ka da haƙuri."

Da aka tashi, motocin suka zo har bakin rumfa, jandarmomi suka yi layi. Taku uku ne daga kujera zuwa ƙofar mota, rakiyar ke nan gaba ɗaya. Taubashina ya bi motar gaba yana tattare riga, yana cewa, "Af, da ma akwai wata 'yar magana," ni kuma ina binsa da gwiwata mai ciwo ina juya ta da Faransanci ga gilashin da ke rufe. Wani ya ɗan sauke nasa ya ce mu rubuto, suka wuce.

Mun rubuta wa duka biyun. Amsa ta iso bayan iri ya tsufa, kowa ya ce fadama tana cikin rabon ɗayan. Manoma suka yi hayar ƙananan injuna daga 'yan kasuwar Kamba, suka dasa gonakin da ke dab da ruwa. Ta taubashina tana can ƙarshen fadama, tiyo bai kai ba, ta bushe yana kallo.

Har yau in zancen ya taso gaban mutane, cewa yake shi ya yi komai bisa ƙa'ida, ni ne ban yi gudu ba.