Dokin Ƙofar Gidan Su Mista Lin

Har gobe ban manta da ranar da na ɗauki hoton wani tsohon gida a ƙasar Sin ina zaune a kan kujerata a nan Doha ba.

Lokacin ina shekarata ta uku a wani shagon hoto a Asian Town. Ga wanda bai san aikin ba, yawancin abin da muke yi hoton fasfo ne da na katin shaida, sai wanke hoto da ƙara masa girma ga ma'aikatan da ke son rataya iyalansu a bangon ɗaki. Sama da ni akwai mudir, wato manajan shago, wani Bamisire mai faɗa amma marar riƙo. Ni ne mai kyamara, kuma ni ke duba duk hoton da aka kawo kafin a ba masu inji, domin ba kowane hoto ne ke ɗaukar girma ba. Wani da ka ja shi sai ya fashe, fuskar mutum ta koma kamar dambu.

Wata Juma'a da yamma, lokacin sanyi, wani dattijo ɗan ƙasar Sin ya shigo riƙe da waya. Sunansa Mista Lin, shugaban masu walda ne a wani kamfanin gine-gine. Da guntun Turanci da guntun Larabci muka fahimci juna: yana son a wanke masa hoton gidansu na ƙauye, babba, a sa a firam. Ƙaninsa ne ya ɗauka ya turo masa.

Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai da na danne dariya. Bawan Allah ya ɗauke su da tsakar rana, haske ya wanke komai. A ɗaya ya yanke rufin, a wani ya ɗaga wayar sama har ginin ya zama kamar zai faɗi ta baya, a na ukun kuma babban yatsansa ya cinye rabin ƙofa. Amma duk da wannan aika-aikar ana ganin gidan ba ƙaramin gida ba ne. Ginin bulo ne mai ruwan toka, da rufin tayil wanda kusurwoyinsa suka lanƙwasa sama, da ƙyamaren katako masu sassaƙa. Na gaya masa gaskiya, cewa waɗannan ba za su yi girma ba, ya bari idan ya je hutu ya ɗauko da kansa.

Ya ce babu wani zuwa. Za a tashi ƙauyen saboda sabuwar hanya, an riga an mayar da mutane gidajen bene, kuma a makon da za a shiga motocin rusau za su iso. Ya nemi hutu, kamfani ya ce sai an miƙa aikin da ke hannunsu. A gidan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa da kakansa. Dariyar da nake dannewa ta koma ciki, na ji tausayinsa ya kama ni.

Ni a Zariya na koyi sana'ar nan, kuma da tsofaffin gidajen ƙasa masu zankwaye hannuna ya faɗa. Tsohon gini duk inda yake halinsa ɗaya, ba ya son rana a tsaka, sai ta karkata sannan zanensa ke fitowa. Na ce masa ƙaninsa ya koma gidan da la'asar ɗinsu, ya kira mu, ni in riƙa faɗin abin da za a yi, shi Mista Lin yana fassarawa, hoton da ya ɗauka ya turo nan take mu gani. Sun riga mu da awa biyar, saboda haka la'asar ɗinsu ta faɗo daidai hutun cin abincin rana a nan. Mudir ya yi ta mita, wai shagon hoto ya buɗe ba makarantar koyarwa ta waya ba. Na bar shi ya gama, don na san halinsa. Can ya ce khalas, wato shi ke nan, in yi, amma kada in bar kwastoma a tsaye.

Ranar Lahadi bayan azahar Mista Lin ya zo da kayan aikinsa a jiki, ko hular kwano bai cire ba. Muka kira ƙanin. Na fara da cewa ya goge gilashin kyamarar da gefen rigarsa, don rabin hazon da ke cikin hotunan mutane maiƙon hannu ne. Na sa ya kwantar da wayar a gicciye, ya riƙe ta daidai ƙirji, kada ya ɗaga bakinta sama. In abu ya yi nisa ya taka da ƙafarsa, kada ya jawo da yatsa. Ya tsaya a tsakiya cif, domin ginin Sinawa abin da ke dama shi ke hagu, ka kauce kaɗan sai hoton ya karkace. Ya kuma bar wa sararin sama wuri a kan rufin, kada ya yanke ƙahonninsa. Hotuna suka fara shigowa, kowane ya fi na baya. Mista Lin sai gyaɗa kai yake yi.

Saura guda ɗaya, wanda shi ne ya fi so: babban ɗakin da ke fuskantar ƙofar shiga, inda suke taruwa ranar sabuwar shekara. Matsalar ita ce tsakar gidan ƙarama ce. In ƙanin ya tsaya a ciki, rufin ba ya shiga duka. In ya fita waje, ƙofa ta tare gefe da gefe. Ga rana kuma tana ta sauka, inuwa ta riga ta cinye rabin bango. A hoton da ya turo na lura ƙofar tana da wani doki na katako, mai tsayi, ya kusa kai gwiwa. Na ce alhamdu lillahi, ga wurin tsayawa. Na ce wa Mista Lin ya gaya masa ya hau kan katakon nan ya ɗauka daga can, nisan ya yi daidai, ga ƙarin tsayi.

Bai fassara ba. Na ɗauka bai gane ba ne, na sake faɗi ina nuna masa da hannu. Har mudir da ya lallaɓo ya tsaya bayanmu ya sa baki, yana cewa yalla, a yi sauri, haske zai tafi.

Mista Lin ya ce, “Ba a taka shi. Tsallakewa ake yi. Wanda ya taka shi kamar ya taka kafaɗar iyayen gidan ne.”

Mudir ya ce ai jibi-jibin nan mota za ta bi ta kansa gaba ɗaya.

“Mota ba 'yar gidan ba ce,” in ji Mista Lin.

Mu ma a gida mun tashi ana korar mu daga dokin ƙofa, kakata ba ta barin kowa ya zauna a kai, amma gaggawar aiki ta sa ban ga komai a katakon nan ba sai wurin ɗora ƙafa. Ga mutum ya yarda ya rasa hoton da ya fi so a kan ya sa ƙaninsa ya yi abin da ba a yi.

Na ce to a canza dabara. Ƙanin ya fita waje, ya ja baya kaɗan, ya durƙusa. Maimakon mu yi ta faɗa da ƙofar, mu bar ta ta zama firam ɗin hoton, ƙyamare biyu a buɗe dama da hagu, dokin ƙofa a ƙasa, ɗakin a can ciki. Na ce ya taɓa wurin da rana ke haskawa a fuskar wayar don kada hasken ya ƙone, ya ɗauke numfashi, ya danna. Na farko ya girgiza. Na biyun ya shigo, kuma ƙahonnin rufin duka biyu suna ciki, ragowar rana tana kansu. Bayan shi bai sake samun wani mai haske ba.

Mista Lin ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya cire hular kwanon ya ɗora a cinya. Mudir ya juya ya hau yi wa masu inji faɗan da ba su san dalilinsa ba.

Da Juma'a ta zagayo ya zo karɓa. Na tambaye shi labarin gidan, ya ce an rushe. Na ce ko sun samu sun cire katakon sun ajiye. Ya ce a'a, ya tafi tare da gidan, amma har aka gama babu ɗan gidan da ya taka shi. Ya rungumi firam ɗin ya fita.

Ku da kuke koyon aikin nan yanzu, haske da tsayuwa da riƙon kyamara duk za ku iya su cikin 'yan watanni. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne gane cewa ginin da kake kallo a matsayin aiki, gidan wani ne. Tun daga ranar, kafin in nuna wa mutum inda zai tsaya, sai na fara tambayarsa inda ba a tsayawa.