Sunana a Kan Lambun Wata

Mahaifina ya rasu ya bar mini lambu a bakin Jakara, can bayan Kwaciri, ni kuwa ban taɓa son noma ba. Tela ne ni. Keken ɗinkina yana wata rumfa a Fagge, kuma duk sanda jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha sai in ji ƙafata ta tsaya da taka keke. Ina da shekara ashirin da bakwai a lokacin, da mata, da 'ya guda, da wani abu a ƙirji da ba ya barina in zauna wuri ɗaya. Jos nake son tafiya. An ce mini masu haƙar kuza ba sa gajiya da ɗinka sababbin kaya. Lambun ne ya riƙe ni. Baffana, ƙanen mahaifina, ya sha gaya mini cewa ƙasar da aka bari ta yi ciyawa shekara biyu ko uku, dagaci yana iya ba wani.

Ana cikin haka wata mata ta fara kawo mini ɗinkin kayan makarantar 'ya'yanta. Ibo ce, Kirista, daga Sabon Gari. Mijinta kafinta ne a reluwe, ita kuma tana sayar da ganyen miya a kasuwar Sabon Gari. Madam nake ce mata, ita kuma Tela. Hausar kasuwa gare ta, wani lokaci ta ce mini "ke", wani lokaci "kai", har na daina gyara mata. Kullum ƙorafinta ɗaya: ganyen da ake aiko mata daga kudu sai ya yi kwanaki a jirgi, kafin ya iso ya yi baƙi ya lanƙwashe.

Ran nan na ce mata, kamar da wasa, "Ina da lambu yana zaune."

Ta ajiye wandon da take dubawa. "Da ruwa?"

"A bakin rafi yake."

"Tashi mu je."

Na ce sai na gama ɗinki. Ta zauna a kan benci ta jira ni har la'asar.

Na ba ta aro, a gaban baffana da mutum biyu. Cikin shekara guda wurin ya sauya. Ta gyara jigon da ake ɗebo ruwa da shi, ta yanka fangali-fangali, ta shuka shuwaka da kuɓewa da barkono, da wani ganye mai yaɗo da suke kira ugu, wanda ta kafa wa sanduna yana hawa. Masu lambun da ke maƙwabtaka suka yi ta dariya wai mace da jigo, daga baya suka koma roƙonta iri. Kafin rana ta yi zafi ta riga ta cika kwando biyu ta wuce ta gaban rumfata, ta jefo mini ƙullin alayyahu ba tare da ta tsaya ba.

A shekara ta biyu ta dasa gwanda da ayaba. Baffana ya zo rumfata a fusace. Ya ce wanda aka ba aro hatsi da ganye yake shukawa, ba itace ba, don wanda ya dasa itace zama ya zo yi. Da na gaya mata, sai ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Zama nake so. Ka sayar mini."

Ban ɓoye murnata ba. Ga mai so, ga ni ina neman hanyar tashi. Na lallashi baffana kwana da kwanaki, har ya ce mu je wurin mai unguwa, abin da ya yanke shi ke nan.

Muka same shi da hantsi a zaurensa. Madam ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci. Na yi bayani. Dattijon ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ko tsakaninmu ba a cewa an sayar da ƙasa, sai dai a ce an sayi wahalar da aka yi a kanta. Ita kuwa baiwar Allah nan, doka ta kira ta baƙuwa. Wanda iyayensa ba 'yan Arewa ba ne, ba ya riƙe gona sai da takardar Gwamna. Ni dai ban taɓa ganin mai sayar da ganye da wannan takarda ba."

Madam ta ce, "Baba, ɗana fa? A nan na haife shi. Bai taɓa ganin garinmu ba. Hausa yake yi da 'yan'uwansa."

"Ba inda aka haife shi ake tambaya ba, inda iyayensa suka fito ake tambaya. Ko gidan da kuke ciki a Sabon Gari, ai na shekaru aka ba ku." Ya juyo gare ni. "Aro ban hana ba, muddin kana nan. In wani ya tambaya, lambunka ne, tana yi maka aiki."

Muka kama hanya har muka zo inda za mu rabu. Ta ce, "To, Tela, sai ka zauna. Sunanka, hannuna."

Na ji haushin maganar nan ƙwarai. Ba ita ta yi dokar ba, amma ita nake gani. Daga ranar na zama mai gadin abin da ba na so. In jirgi ya yi kuka sai in tashi in zaga bayan rumfa in dawo. Na ɓata wa wani Alhaji yadi, na yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matata ta ce ko abinci a tsaye nake ci.

Sai aka yi rigimar nan tsakanin mutanen Birni da Fagge da na Sabon Gari, ana tsakiyar zafi, ruwa bai sauka ba. Ba zan ba da labarinta a nan ba. An yi kwanaki ana abin da ba shi da daɗin faɗa, daga baya aka ja waya mai ƙaya tsakaninmu da su. Da ƙura ta lafa aka fara fita, ƙafata ta kai ni lambu, ban ma san dalili ba. Ganye duk ya kwanta. Na tuɓe riga na kama jigo. Rabona da shi tun ina yaro, kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo. Wani maƙwabcin lambu ya tsaya yana kallona, ya ce, "Wa kake yi wa wahala? Ai ba za ta dawo ba." Na ce lambuna ne. Karo na farko ke nan da na faɗi haka da bakina.

Na yi kusan mako uku ina ban ruwa. Ran nan da safe sai ga ta, mijinta yana biye, ya tsaya nesa a gindin gwanda yana waige-waige. Ta rame. Ba ta gaishe ni ba sai da ta bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Ta tsuguna ta taɓa ƙasa, ta ce, "Ka kashe mini barkono. Ruwa ya yi masa yawa." Sannan ta rufe fuska da gefen zaninta. Mijin ya matso ya ba ni hannu. Ya ce ƙanensa ya kwashe iyali ya koma gida, shi ma ya so bi, ita ce ta ƙi.

Na ƙara shekara biyu. A ta uku na kasa. Na roƙi ƙanena ya tsaya a madadina, ya yi mini alkawari a gaban baffa. Da na gaya wa Madam, sai ta ce, "Ƙanenki yana da kirki?" Na ce yana da shi, kuma ban yi ƙarya ba. Amma bayan damina ɗaya ya yi aure, ya rasa abin da zai riƙe gida da shi, ya karɓe lambun daga hannunta. Babu wanda zai ce ya yi laifi, gadonmu ne. Ni kuwa na riga na tafi, wasiƙarta ta same ni a Bukur, kusa da Jos, ɗanta ne ya rubuta da Hausa. Layi huɗu ce, ba zagi, ba roƙo. Na sa ta a aljihun keke ban amsa ba.

Jos ma ba ta zaunar da ni ba. Sanyi ya dame ni, teloli sun fi masu ɗinki yawa. Na dawo Kano ana ta maganar samun mulkin kai. Na yi wata guda kafin in iya zuwa nemanta. Na same ta wajen Bata, a bakin kasuwar Sabon Gari, ta bar ganye, ta koma sayar da kwanuka da tasoshi. Ta gane ni tun daga nesa, ta janyo mini kujera, ta aika aka sayo mini ƙosai. Ta tambayi matata da 'yata, ta ce ɗanta ya zama akawu. Na buɗe baki zan yi maganar wasiƙa, sai ga masu sayen kayan aure sun cika rumfar, ta tashi tana sauke musu kwanuka. Na jira, na jira, cinikin ya ƙi ƙarewa. Na miƙe na ce sai na sake zagayowa.

"To, Tela," in ji ta, tana goge wata tasa da zani. "Ka gaida gida."

Ban sake zagayowa ba. Kafin sallar layya na ɗaure keke na hau jirgin Nguru.