Ramin da Na Haƙa a Wurin Alwala

Har gobe ban manta ranar da na kusa rushe masallacin Malam Habu da biro ba. Zamanin soja ne, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gwajin ƙasa, ga sabuwar takardar makaranta, ga girman kai kamar ni na ƙago aikin.

Bangon masallacin, can Rigasa, ya tsage, aka tura ni in auna ƙasar da ke ƙarƙashin harsashinsa. In ta yi laushi, rusawa za a yi. Malam kuwa nan yake limanci, nan yake karantar da magidanta, kuma shi da jama'arsa suka ɗora ginin bulo bayan bulo.

Ga wanda bai san aikin ba, rami ake haƙawa a jikin harsashi, a kafa sandar ƙarfe mai tsini, a riƙa sakar mata guduma ana ƙirga bugu. In ƙasar a danƙare take, da ƙyar sandar ke shiga. A ƙa'ida kusurwa huɗu ake gwadawa. Ni kuwa rana ta gallabe ni, leburori suka nuna inda diga ta fi shiga, na ce a haƙa nan kawai. Sandar ta lume kamar a tuwo. Malam ya matso zai yi magana, na ce masa wannan aikin masu ilimi ne. Allah ya yafe mini wannan kalma.

Na rubuta rahoto cewa a rushe, na kai wa shugabanmu, Injiniya Bala, dattijon da ba ya sa hannu a kan abin da bai taka da ƙafarsa ba. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ina suke alwala?"

Na ce ban duba ba.

"Ɗauko sandarka."

Muka koma a tsohuwar motar ofis. Wallahi ramina yana daidai inda ake jera butoci, ƙasar da ta yi shekaru tana shan ruwa sau biyar a rana. A sauran kusurwoyin uku kuwa, gudumar har tsalle take. Magudanar ruwa kawai aka gina, aka liƙe tsagar.

Na durƙusa ina ba Malam haƙuri, kunya kamar in nutse. Ya ce, "Ai abin da na so gaya maka ke nan, ɗana."

Irin su Injiniya Bala sun ƙare, kuma ina kewarsu ƙwarai. Ku na yanzu na'urorinku sun fi namu nesa ba kusa ba. Amma kafin ku buga ƙarfe a ƙasar mutum, ku bari ya gama maganarsa.