Man Roba a Fitilar Inna

A shekarun da kananzir ya yi wuya, ni mai liƙin roba ne. Ina bin kasuwannin Bukkuyum da Gummi da kaskon garwashi da wuƙa, ina liƙe buta da bokiti da silifas. Ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Wata rana na ji a rediyo cewa daga man fetur ake yin roba, kuma a wasu ƙasashe ana narkar da tsohuwar roba ta koma mai. Iyakar abin da na riƙe ke nan, ban tambayi kowa ba.

Na cika ƙaramar ganga da fasassun robobi da leda, na rufe, na soka bututun ƙarfe ya ratsa ta cikin kwatarniyar ruwa, na hura wuta bayan gidanmu. Bayan gwaji da yawa sai wani baƙin mai ya fara ɗiga, warinsa na harbin hanci. Na tsoma tsumma na kyasta ashana, ya kama. 'Yan unguwa suka sa mini suna Injiniya, wani ma ya ce a riƙa shiga layi tun da wuri, matatar mai ta tare a zaurenmu.

Kwalbar farko Inna na kai wa, mahaifiyata. Kaɗin auduga take yi da fitila, kuma rashin kananzir ya hana ta. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa mini albarka. Damina ce, tana sakin asabari saboda sauro, hayaƙin fitilar ya kwana da ita. Na ga baƙi a hancinta da safe, ta ce tukunya ta taɓa. Na ji tari, ta ce sanyin fadama ne, in daina sa mata ido kamar jaririya. Na yarda, domin ina son in yarda.

Ranar da ta kasa tashi daga sujada sai da aka kama ta, matata ta fashe da kuka. Ta ce Inna ta daɗe tana kwana a zaune, amma ta hana ta faɗa mini. Wai tun da ta haife ni ba ta taɓa ganin mutane sun taru don kallon aikina ba, ba za ta kashe mini gwiwa ba. A asibitin Gummi aka ce hayaƙi ya taɓa mata ƙirji. Ta tashi, amma numfashinta bai koma daidai ba, kaɗi kuma ta bar shi. Da na durƙusa neman gafara, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta, ta ce ai dai fitilar ta yi haske.

Daga baya, da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malaminmu ya yi mini bayanin cewa masu wannan aiki ba a ɗaki suke ƙona man ba. Masana'anta ake kai shi, a tace, a yi sabuwar roba.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Yan'uwa, kada ku gwada abin da ba ku sani ba a kan na gida. Mai ƙaunarka shi zai fara karɓa, kuma shi ne na ƙarshe da zai ce maka yana shan wuya.